Gurbi na Goma a Takardar Wendell

Litinin, 18 ga Nuwamba

Yau sun fitar da sunayen. Lonnie Tasker yana ciki, kuma wannan ce shekararsa ta goma a takardar ƙuri'a, ta ƙarshe ke nan. In 'yan jaridar besbol ba su ba shi uku bisa huɗu na ƙuri'unsu a wannan karon ba, an rufe masa ƙofar Zauren Gwaraza. Sai dai ya sayi tikiti ya shiga kallo kamar kowa. Bara saura ƙiris.

Na kasa zama. Na wanke kwanukan da suke a wanke. Na kira shirin Artie Dugan a rediyo, suka shanya ni a layi har kofina ya huce. Da ya ɗauka sai cewa ya yi, "Jama'a a matsa, ga Bernie daga Parma, uwar ɗakin Lonnie Tasker!" Na ce masa shekara goma sha huɗu mutumin nan yana tsugune bayan mai duka yana cafe mana ƙwallo, yatsunsa duk sun karkace, manyan ƙungiyoyi suka yi ta zawarcinsa ya ƙi barin garin nan. Artie ya ce, "To alƙaluma fa, Hajjaju ta Parma?" Na ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya yi dariya ya katse ni, wai lokacin talla.

Abin haushin shi ne ɗaya daga cikin ƙuri'un nan a teburin ƙanwata take cin abinci. Wendell, mijin Rosalie. Jaridar da ya yi wa aiki ta sallame shi tuni, amma ƙuri'arsa tana nan, kuma shekara tara ke nan yana tsallake sunan Lonnie kamar mai tsallake kwata.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Gobe za su faɗi gwarzon shekara na besbol. Kowa ya san wanda za su ba, ƙaton nan da ba ya tsaron fili, sai dai ya fito ya maka ƙwallo ya koma benci ya ci gaba da taunar cingam. Rabin wasa yake yi, su ba shi cikakkiyar kyauta. Ni da na yi shekaru ina tuƙa motar makaranta, da safe kawai zan ɗauko yara in ƙi mayar da su gida, a ce ni ce gwarzuwar direbobi?

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Sun ba shi. Ai na faɗa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ranar Godiya a gidan Rosalie. Tun a bakin ƙofa, kafin ta karɓi tiren dankalin da na kawo, ta ce, "Yaya, don Allah yau ban da Lonnie." Na ce ni da na zo cin talotalo.

Kuma na yi ƙoƙari. Zari-ruga muke kallo a talabijin, sai na ce kyautar gwarzon shekara ta wannan wasan ma su daina wahalar da mu, su rubuta a jikinta cewa ta madugu ce, mai jefa ƙwallo. Yaron nan Askew yana gudu da ƙwallo ƙarti uku na rataye a bayansa, amma a ƙarshe mai tsabtataccen wando za a ba. Wendell ya ce madugu ne ke taɓa ƙwallo a kowane tashi. Na ce ai shi ma mai cafewa a besbol haka ne, kowace jifa hannunsa take zuwa, me ya sa wannan lissafin ba ya aiki a kan Lon… Rosalie ta dire cokali.

Wendell bai ɗaga murya ba, ba ya taɓa ɗagawa, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan. Ya ce, "Bernie, gurbi goma ne a takardar. Ba motar makarantarki ba ce da za a ce yara ku matsa wa ɗan uwanku."

Na taho gida ban ɗauki ragowar nama ba. Yanzu ina jin yunwa.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na tare Wendell a wajen ajiye motoci bayan coci. Ya ce bai ko buɗe ambulan ɗin ba, sai ƙarshen wata ake mayarwa. Ƙarya yake, na san shi.

Talata, 10 ga Disamba

Ƙanƙara ta rufe titi. Na share gaban gida sau biyu, na biyun babu dalili. Askew ya sake yin gudun da ya fi na kowa ranar Lahadi, amma a rediyo madugu ake ta yabo. Wani daga Lakewood ya kira yana karanto lambobi kamar mai sanarwar jirgin ƙasa. Na kashe, na kunna, na kashe.

Na tuna Gene yau. Bazarar da aka rufe masana'antar ƙarfe aka sallame su, ba ya magana da kowa a gidan nan, sai in an sa wasa a rediyo ya fito baranda. In Lonnie ya wurga ƙwallo ya fitar da abokin gaba mai ƙoƙarin satar gudu zuwa tushe na gaba, sai in ji muryar mijina ta dawo: "Kin ji? Kin ji hannu?" Wannan ba ya cikin alƙaluman kowa. Gene ya rasu ya bar ni da rigimar.

Litinin, 16 ga Disamba

Rosalie ta kira. Wai in sassauta wa mijinta. Ta ce tun da aka sallame shi ba mai kiransa, ba mai tambayar ra'ayinsa, sai wannan ambulan da ke zuwa sau ɗaya a shekara, yana jiranta a taga kamar yaro. "Ita kaɗai ta rage masa, Yaya." Na ce to ya yi aikin kirki da ita mana. Ta ce ni dai bakina ba linzami.

Talata, 24 ga Disamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Abincin jajibirin Kirsimeti, yadda Mama ke yi, miyar naman kaza da firogi, ƙullin fulawar nan mai cushen dankali, ba nama. Komai lafiya har aka kwashe kwanuka. Ni ce na fara, ba sai an tambaya ba. Na ce masa shi da ire-irensa a ɗakin 'yan jarida suka kalli wasa, bayan gilashi, da abinci kyauta, ba su taɓa zama a sanyi a kujerun sama ba. Na ce in Lonnie ya faɗi, zan kira sunansa a rediyo gari ya ji.

Ya tashi ya shiga ɗakin karatunsa. Na ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi da takardar, ya ajiye ta a gabana kusa da kwanon miya. Ya riga ya sa hannu a ƙasa, duk akwatunan babu komai.

"Dokin mai baki ya fi gudu," in ji shi. "To ga linzami. Ki cike. Goma, kar ki wuce. Abin da kika sa shi zan aika."

Rosalie ta ce, "Wendell, ka haukace?" Ya ce da ni, "Abu ɗaya. Haramun ne mai ƙuri'a ya ba wani. In kika faɗa wa mutum ɗaya, ko Artie ɗinki ko Fadan coci a wajen iƙirarin zunubi, sun ƙwace min ita har abada."

Takardar tana cikin jakata. Na leƙa ta ya fi a ƙirga.

Alhamis, 26 ga Disamba

Na share teburin kicin na zauna da safe. Na ce bari in ajiye Lonnie a ƙarshe, in ji daɗinsa kamar tsokar da ake ɓoyewa a ƙasan kwano.

Shida na farko ba sa buƙatar tunani, ko makaho ya san su. Na bakwai da na takwas ma haka. Na tara na ɗan yi masa tsaki saboda girman kai gare shi, amma na ga abin da ya yi da sanda, na sa masa alama. Saura gurbi ɗaya. Na gangaro da yatsa zuwa T, sai idona ya tsaya a sama, a kan B.

Eladio Brito. Na manta yana ciki, ko dai na sa kaina na manta. Shi ma shekararsa ta ƙarshe ce.

Na tashi na yi wanki.

Juma'a, 27 ga Disamba

Ba na son Brito. Ban taɓa sonsa ba. Mai jifa na abokan gabarmu, shekara da shekaru yana zuwa filinmu yana mayar da mazajenmu yara. Ba ya murmushi, ba ya gaisawa da kowa, 'yan jarida ma haushinsa suke ji don ba ya ba su hira, shi ya sa ya daɗe a takarda.

Na gwada cire ɗaya daga cikin taran in sa su duka biyun. Na riga na yi alama da biro, amma ko da fensir ne, wa zan cire? Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman laifi. Babu.

Asabar, 28 ga Disamba

Na je kanti na dawo ban sayi abin da ya kai ni ba.

Abin da ke damuna ba lambobi ba ne. Lambobin ban ko duba ba. Idona ne. Ina nan a kujerun sama ranar da Brito ya hana mu ko da duka ɗaya har zagaye na takwas, Lonnie ya fito sau uku ya koma yana girgiza kai. Muna saukowa daga matakala Gene ya ce, "Bernie, ki riƙe ranar nan, ba za ki sake ganin irin wannan ba." Na ce masa ya rufe min baki. Kuma ban sake gani ba.

Shekara tara ina cewa a rediyo a bar ido ya yi hukunci. To ga shi ya yi.

Lahadi, 29 ga Disamba

Ba wanda zai sani. Ba wanda zai ce na yi laifi. Gari ma tafa wa Wendell zai yi.

Na ɗora biro a akwatin Lonnie har ya bar ɗigo.

Litinin, 30 ga Disamba

Brito na sa.

Ba zan yi bayani ba, ko a nan. Hannuna ne ya ƙi. Da na gama sai na ji kamar na rufe ƙofar mota na bar yaro a tsaye a bakin titi yana kallona.

Na kai wa Wendell da rana. Ya sa tabarau ya bi sunayen daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama. Ya daɗe a kan ɗigon nan. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce kar ya sake tambayata. Na yi tsammanin zai yi min dariya, ko ya ce ai ga shi nan, da ya yi ma da na samu wanda zan yi faɗa da shi. Fuskarsa dai ta yi wani iri. Ya liƙe ambulan, na kai shi gidan waya da motata, muka dawo.

Litinin, 6 ga Janairu

Wendell ya wallafa ƙuri'arsa a shafinsa na intanet kamar yadda yake yi kowace shekara. Duk 'yan jaridar garin nan sun sa Lonnie a wannan karon, har waɗanda ba su taɓa sa shi ba. Shi kaɗai ne bai sa ba. Kuma ya sa Brito.

Rediyo ya kama da wuta. Maci amana, tsohon banza, a kore shi daga gari. Artie yana ta cewa, "Ina Bernie daga Parma? Bernie, layinki a buɗe yake, surukinki ne fa!" Na zauna da waya a cinya har aka gama shiri.

Alhamis, 9 ga Janairu

An tambaye ni a wajen gyaran gashi ko Askew zai samu kyautar. Na ce oho. Suka ce ko ba ni da lafiya.

Talata, 21 ga Janairu

Brito ya shiga. Lonnie bai shiga ba. Ƙuri'un da ya rasa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ko da na sa shi ba zai kai ba. Na faɗa wa kaina wannan a kicin, na faɗa a banɗaki, na faɗa wa hoton Gene. Maganar ba ta zauna min ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Artie ya samo Lonnie a waya yau. Muryarsa ta tsufa. Bai zagi kowa ba, ya ce ya gode wa gari, wai ya ci ribar zamansa a nan. Sai ya ce, "An ce min akwai wata baiwar Allah da take kira saboda ni shekara da shekaru. Bernie, ko? Bernie, in kina ji, na gode. Da irinki ke riƙe da takarda da na shiga tuni."

Na yi kuka, ba na daɗi ba. Maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa min taga tana tsalle, wai na ji? na ji? Na ji.

Alhamis, 23 ga Janairu

An fasa wa motar Wendell ƙwai. A gidan abincin da yake karyawa kowace Alhamis, mutanen teburinsa sun tashi sun koma wani. Rosalie ce ta zo da kanta ta faɗa min, ko kot ɗinta ba ta cire ba.

Na ce laifin wa, wa ya ce ya ba ni? Sai ta ce, "Ke kam Yaya, wani lokacin kamar ba ki da kai. Kin san me ya sa ya ba ki? Tun Nuwamba yake cewa shi hannunsa ba zai iya sa Lonnie a gaban Brito ba, amma ba ya son mutumin ya faɗi. Ya ce bari ya ba Bernie, ita za ta sa shi ido rufe, ta ji daɗi, shi ma ya huta. Kyautar Kirsimeti ya ba ki!"

Na ce to da ya ga ban sa ba me ya hana shi magana? Ta ce, "Ya ce ya yi miki alƙawarin abin da kika sa shi zai aika. Yanzu ga shi yana shan zagin da naki ne, kuma ya hana ni buɗe baki."

Ta tafi ta bar min ƙofa a buɗe, sanyi ya cika gida. Na zaga falo, na zaga kicin. In na faɗi gaskiya a rediyo an ƙwace masa ƙuri'a. In na yi shiru su ci gaba da cin namansa, ni kuwa ina yawo da godiyar Lonnie a wuya kamar sarƙar aro.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na kira.

Ko minti ɗaya ba su ajiye ni ba. Artie har da sa kiɗa. "Ga ta nan! Wadda Lonnie Tasker ya kira sunanta! Bernie, me za ki ce wa surukin nan naki?"

Na ce ba wanda ya kai ni son Lonnie a garin nan, kuma ba wanda zai musa. Ya ce haka ne. Na ce to na zauna na bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya kamata kowane mai baki ya yi kafin ya kira. Na ce gurbi goma ne, Lonnie na goma sha ɗaya ne. Brito ya fi shi, na gani da idona, kuma duk wanda ya je filin nan a lokacin ya gani. Na ce goman da ke takardar Wendell su ne gomana, mai neman wanda zai zaga ya haɗa da ni. Na ce wanda ya fasa ƙwai kuma, motata shuɗiya ce, tana ƙofar gida.

Artie ya yi shiru. A rediyo ba a shiru. Can ya ce, "Bernie… Lonnie na iya jinki fa." Na ce na sani.

Masu kira bayana ba su bar min komai ba. Wata ta ce tsufa ne ya taɓa min ƙwaƙwalwa. Na Lakewood mai lambobi ne kaɗai ya goyi bayana, wannan ya fi zagin ciwo. Na saurara har ƙarshe, tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na je gidansu kallon zari-ruga, ba wanda ya gayyace ni. Wendell ne ya buɗe. Ya dube ni ya ce, "Motarki ba shuɗiya ba ce, toka-toka ce." Na ce ya matsa min in wuce.

Ba mu yi maganar ba. Ya ture min kwanon gyaɗa, na ci. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya ce, idonsa a kan talabijin, baɗi ma takarda za ta zo. Na ce kar ya kuskura ya kawo min ita. Ya ce ba cikewa ya ce ba, zama kusa kawai, a yi masa musu. Na ce zan duba in ina da lokaci.

Ba wai na sauya ra'ayi ba. Lonnie ya cancanta, zan faɗa har in mutu. Kawai dai a hanyar dawowa na kunna rediyo, wani yana ta ihu a kan wani ɗan jaridar da ya hana Askew ƙuri'a, wai makaho ne, wai an saye shi. Ina tare da mai ihun, Askew ne nawa. Amma sai na ji ina tunanin ɗan jaridar, ko shi ma a teburin kicin ya zauna, ko ya iya cin abinci ranar.

Na rage muryar rediyon. Ban kira ba.